Kajin Rudy Masu Ƙirga Minti

Ni dai tun da nake ban ga wanda Allah ya hore wa baki irin Rudy Kucera ba. In yana magana sai ka rantse shi ya haƙa kogin da ya ratsa garinmu. Ya sayar da tsofaffin motoci, ya karye. Ya buɗe gidan wankin karnuka, karnukan suka cije shi. Ya shiga kiwon jimina, a nan Nebraska ta Amurka fa, sanyin farko ya kwashe su kaf. Amma je ka tambaye shi, zai ce maka duk nasara ya yi, mutanen gari ne ba su waye ba.

Wannan bawan Allah ƙanin uwar ɗakina ne, Likita Marlene, mai ɗan ƙaramin asibitin da babu wani sai shi a garin. Ni ce Loretta, shekarata goma sha tara a teburin lamba. In Likita ta gama ganin mara lafiya, ni nake karanta abin da ta rubuta, in maƙala masa lambar da ta dace, in tura wa kamfanin inshora su biya. Wanda ya saba zuwa, in ya ci wa Likita minti arba'in, ya kai babbar lamba. In aka zarce da cikakken minti goma sha biyar, wato hamsin da biyar, sai a ƙara wata 'yar lamba ta tsawaita ganawa, kowane sha biyar a ƙara ɗaya. Sharaɗin dai lokacin Likita ne ita da kanta, a wannan ranar, a kan wannan mutumin shi kaɗai. Zaman jira ba ya ciki, aikin nas ba ya ciki. Iyakar abin ke nan, amma shi ya kusa cinye mu.

Ranar wata Litinin Rudy ya banko ƙofa, rungume da satifiket a cikin gilashi.

"Yaya Marlene, an cuce ki! Shekara sha tara ana zubar miki da dukiya a ƙasa kina kallo!"

Na ce, "Wa ke zubarwa?"

"Ban kira suna ba, Anti Loretta. Amma tunda kin amsa, shi ke nan."

Wai kwas ya je na kwana uku a Las Vegas. Na ce ai na ji labari tun rana ta biyu a bakin wurin ninkaya aka gan shi. Ya ce masu ƙwaƙwalwa ba sa buƙatar rana ta biyu.

"Faɗa min tsakani da Allah, bara sau nawa kika sa lambar tsawaitawa?"

"Sau goma sha ɗaya."

Ya dafe ƙirji kamar an yi masa mutuwa. "Sha ɗaya! A shekara! Ni sha ɗaya kafin abincin rana zan yi, in dawo in ƙara."

"Sau sha ɗaya Likita ta kai lokacin, Rudy. In ƙirƙiro sauran?"

"Ba a ƙirƙira, tsarawa ake yi. Ke zamaninki ya wuce."

Likita Marlene mace ce mai kirki, amma a kan ƙanin nan nata ba ta da ƙashi ko ɗaya. Ta yi ta murza alƙalami, can ta ce ba tare da ta dube ni ba, a ba shi teburin wata uku a gani. Ni in koma gaba ina amsa waya. In kuɗin shiga ya ƙaru, shi zai zauna, ni kuma in rage aiki zuwa rabin wuni in huta.

In huta! Mai rabin wuni ba ta da inshorar lafiya a wurinmu. Ni kuwa tawa da ta mijina Hank duk a kan wannan kujera suke rataye, ga shi mai ciwon suga, kullum sai ya yi allura. Wallahi raina ya ɓaci, har idona ya ciko. Amma ban bari sun gani ba. Na kwashi kofina da hoton jikokina na koma gaban waya.

Washegari ya shigo da kwali. A ciki agogunan dafa ƙwai ne guda goma sha biyu, kowanne mai siffar kaza. In ka murɗa wuyanta sai ta fara ƙirga, in lokaci ya cika ta ɓarke da ƙara. Ya ɗora ɗaya a kowane ɗaki, ya rataya ɗaya a wuyansa, ya tara mu ya kafa doka: ba wanda zai fita sai kaza ta yi kuka a minti hamsin da biyar.

Opal, nas ɗinmu, ta ce, "Har wanda ya zo cire ƙaya?"

"Musamman shi. Ƙaya tana da tarihi."

Wanda ya fara faɗawa hannunsa shi ne Baba Elmer Sedlak, manomin masara, ɗan shekara saba'in da takwas. Shi wannan tsoho in ya ce maka "to" da safe, ya gama surutun ranar. Ya zo a sabunta masa ƙwayar hawan jini, aikin minti goma. Likita ta auna shi, ta rubuta, ta miƙe. Rudy ya tokare ƙofa.

"Yaya, ba ki tambaye shi barci ba."

"Baba Elmer, kana samun barci?"

"E."

"Tambaye shi abinci."

"Kana cin abinci?"

"E."

"To tambaye shi yarintarsa."

Likita ta ce tana da mai zazzaɓi a wani ɗakin, ta raɓa ta wuce. Rudy ya ja kujera ya zauna gwiwa da gwiwa da tsoho.

"Baba, ba ni labarin masara."

"Tana nan."

"Bana za ta yi kyau?"

"Wataƙila."

"Tarakta fa?"

"Tana nan."

Haka suka yi ta fama, ina jiyo su ta bango, har makogwaron Rudy ya bushe. A minti hamsin da huɗu ya fito ya kurɓi ruwa. Da ya koma, taga a buɗe, labule na kaɗawa, ba Baba Elmer. Can muka hango shi yana tsallaka filin ajiye motoci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Rudy ya suri kaza ya bi shi a guje. "Baba Elmer! Minti ɗaya! Don girman Allah, saura minti ɗaya tak!"

Wanzamin da ke tsallaken titi ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da rabin kai. Masu shagon abincin dabbobi suka fito. Rudy ya rungume ƙofar a-kori-kurar tsohon, Baba Elmer na ja, shi yana ja, har kaza ta ce ƙirrr. Sannan ya saki, ya ɗaga ta sama yana juyawa a gaban jama'a. Ya dawo yana haki, ya tsaya a kaina.

"Kin gani? Hamsin da biyar cif. Haka ake aiki."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Na farko dai Likita minti goma ta yi da shi. Na biyu, tsoho ne, inshorar tsofaffi ba ta fara ƙirga tsawaitawa sai a minti sittin da tara."

Ya ce, "Sittin da me?"

"Da tara. Ina jin a rana ta biyu suka koyar."

Ya sake zabura waje, amma a-kori-kura ta riga ta sha kwana. Ya dawo ya murɗa wuyan kaza iya ƙarfinsa, ashe ba ta wuce sittin. Wani zai ji kunya. Rudy kuwa sai ya je ya sayo wasu sha biyu, kowane ɗaki kaza biyu, in ta farko ta yi kuka a murɗa ta biyu. Ya ce ko a Las Vegas ba wanda ya yi wannan tunanin, ni ma na yarda.

Sai Allah ya haɗa shi da Bernadine. Bazawara ce, shekara shida da rasuwar mijinta, kuma duk garin an san in ka hango ta a kanti gara ka bar kayanka ka gudu. Ta zo da ciwon gwiwa, Rudy ya ce ta saki jiki ta yi bayani. Ikon Allah! Ta fara daga ranar bikinta. Kaza ta farko ta yi kuka labarin yana wajen yanka kek. Ta biyu ta yi kuka ba a haifi ɗanta na fari ba. Rudy ya fito yana rawa, ya ce wannan mata ma'adini ce.

Kafin Lahadi labari ya gama coci, wai a asibiti yanzu ana sauraren mutum awa guda ba a katse shi. Ranar Litinin na zo na tarar da layi har bakin titi. Zawarawa da kundin hotuna, tsofaffin sojoji da lambobin yabo, wani da takardun rigimar gona tun ta kakansa. Kowa da farantin kolache, 'yan burodin nan namu masu zaƙi, ɗakin jira ya koma gidan biki. Mai ciwo na gaske kuwa sai ya wuni bai ga Likita ba.

Ɗakunan duba mutane uku ne. Rudy ya ƙara da sito, da kicin, da lungun da muke rataye riguna. Da mutum ya tako ƙofar waje zai murɗa masa kaza ya miƙa masa, ya riƙe abarsa. Likita na gudu daga wannan ɗaki zuwa wancan, gashi a tsaye, kaji shida na ƙirga mata a lokaci guda. Can wannan ta ce ƙirrr, kafin a kashe ta waccan ta ɗauka. Rannan huɗu suka ɓarke tare, wata tsohuwa a kicin ta zaci gobara ce ta buga waya. 'Yan kwana-kwana suka iso da jiniya, wanzamin nan ne ma shugabansu. Rudy ya tare su a ƙofa ya ce tunda sun zo su zauna a auna su, ya raba musu kaji.

Na same shi a teburina, ƙafafu a kan tebur, yana danna kwamfuta da yatsa ɗaya.

"Rudy, Likita ɗaya ce. Ba za ta kasance a ɗaki shida a minti ɗaya ba."

"Jikinta ne ɗaya. Hankalinta yana kan kowa."

"Inshora ba ta biyan hankali. Mutum ɗaya, agogo ɗaya."

"Ni ban ƙara ko daƙiƙa daga kaina ba. Abin da kaza ta ce shi na rubuta. Kina so ki ce kaza ta yi ƙarya?"

"Ba da kazar nake ba."

"Hassada ce, Anti. Ki sha ruwan sanyi, wayarki na ƙara."

Na tare Likita a lungu, na ce ta duba fa, sa hannunta ne a ƙasan takardun nan. Ta ce, "Haba Loretta, ki bar yaron nan ya sha iska. Tun da aka haife shi ban ga ya tashi ƙarfe shida don aiki ba sai yanzu." Yaro! Shekararsa hamsin da biyu, har da sanƙo. Kafin in ƙara magana kaza ta kira ta, ta ruga.

Kuma abin haushi, kuɗin suna shigowa. Wata na farko suka ninka. Rudy ya zana jadawali a bango da jan alli, kullum sai ya ja ni ya nuna min. In na koma gida in ga Hank yana allurarsa sai hawaye su zo min. Ya tambaye ni lafiya, in ce masa albasa na yanka.

A wata na biyu waya ta yi ƙara, na ɗauka. Iya Wilma ce, matar Baba Elmer.

"Loretta, takarda ta zo daga inshora. An rubuta tsawaitacciyar ganawa har sau uku. Me ake nufi?"

Na ce a ƙa'ida dai ana nufin likita ta ɗauki kusan minti ɗari a kan mutum. Ashe Rudy ya haɗa da zaman jira, da kokawar bakin mota, da tafiyar tsohon zuwa gida, wai a hanya yana tunanin shawarar Likita.

"Minti ɗari! Elmer? Shekara hamsin da ɗaya muna tare, in ka tara duk maganar da ya yi min ba ta kai haka ba. Me ke damunsa?"

"Iya Wilma, doka ta hana in faɗa miki abin da ke cikin fayil ɗinsa sai da izininsa."

"Wayyo Allah! Abin har ya kai a ɓoye?"

"Ba haka nake nufi ba. Ki tambaye shi mana."

"Na tambaye shi. Ya ce ba komai."

"To ai kin ji."

"Haka ubansa ya ce ranar Talata, Alhamis muka binne shi!"

Ta kashe waya. Na bi ta da kira sau uku ba ta ɗauka ba.

Saura mako biyu wata uku su cika, wasiƙa ta zo daga babban kamfanin inshorar da rabin garin ke ciki. A ciki akwai zane: asibitocin jihar duk 'yan gajerun sanduna, namu shi kaɗai ya miƙe har ya kusa fita daga takarda. A ƙasa an ce yawan lambar tsawaitawarmu ya sha bamban da na kowa, za su turo wakiliya ranar Juma'a ta ƙarshen wata ta gani da idonta.

Rudy ya karanta, ya sumbaci takardar. "Na ɗaya a jiha! Lambar yabo za su kawo!"

Na ce, "Bincike ne, Rudy. Wannan ita ce wasiƙar da kowane mai lamba ke addu'ar kada ya gani har ya mutu."

"Ke ai ba ki taɓa samu ba, shi ya sa."

"Wallahi ban taɓa ba."

"To kin ji bambancin."

Ya sa ta a gilashi ya rataye kusa da satifiket. Ya ce wa Likita karramawa ce, ita kuwa tana tsakanin sito da kicin ta ce madalla. Ya gayyaci magajin gari, ya gayyaci mai jaridar mako-mako, ya ce kowa ya zo da abin ci. Ya sayo sabuwar kwat mai ruwan ƙwai. Ya ce a ranar ne za a naɗa shi manaja, kuma za a yi min 'yar walimar rage aiki, don shi ba ya manta alheri.

Juma'a ƙarfe biyu ɗakin jira ba masaka tsinke. Bernadine ta gasa kek mai siffar kaza har da tukku. Sai ga wata 'yar ƙaramar mata da jaka mai ruwan toka ta shigo, ta ce sunanta Misis Drabek, daga kamfanin inshora. Aka ɗauki tafi. Ta waiga bayanta ta ga ko wani ake yi wa.

Rudy ya hau kujera ya yi jawabi. Ya ce ya tarar da asibitin nan yana barci ya tashe shi. Ya ce nan da shekara guda tsarin kaji zai kai har fadar gwamnati. Sannan ya sauko ya ce baƙuwa ta tambayi duk abin da take so, shi ba ya rowar ilimi.

Ta buɗe ɗan littafinta. "Wa ke murɗa agogunan?"

"Ni da hannuna."

"Yaushe?"

"Da zarar mutum ya tako ƙofar waje."

"In Likita tana wannan ɗaki, agogon wancan ɗakin fa?"

"Ba ya tsayawa! Ai nan basirar take. Rubuta da kyau, Kucera da K ne."

Ta rubuta. Ta ciro wata takarda daga jaka, ta gyara tabarau.

"Likita Marlene, bisa ga abin da aka turo mana, ranar Talata tara ga watan jiya kin yi aikin awa talatin da ɗaya da minti ashirin."

Rudy ya fara tafi. Shi kaɗai. Ya tafa sau uku, ya tsaya.

Wanzami ya ce daga baya, "Rudy, ina ka samo sauran awa bakwai? Sayar min da biyu, Asabar aiki na yi min yawa."

Wuri ya kece da dariya. Misis Drabek ba ta ko murmusa ba. "Ranar Alhamis sha takwas ga wata kuma, awa tara."

Likita ta ce a hankali, "Sha takwas? Ai ranar ina birnin Lincoln ana cire min haƙori. Opal ce kawai a nan."

"Amma kin ce min kina can kina tunaninsu, Yaya!"

"Rudy, allurar barci aka yi min."

Ba ta rufe baki ba ƙofa ta buɗe. Iya Wilma ce cikin baƙaƙen kaya, ta janyo Baba Elmer ta hannun riga. A bayansu 'ya'yansu biyar da suka taso daga jihohi huɗu, da surukai, da fasto riƙe da littafi.

"Likita, ga shi, ga 'ya'yansa. Na gaji da ɓoye-ɓoye. Ki faɗa a gabansu, wata nawa ya rage masa?"

Likita ta buɗe baki za ta amsa. Sai Baba Elmer ya cire hularsa, ya dubi jama'a.

"Minti goma ta gan ni. Ta ce lafiyata ƙalau. Wannan mai rigar ƙwan ya tsare ni yana tambayata masara. Na fita ta taga. Yau wata guda ke nan ba a ba ni gishiri ba, ba a ba ni nama ba. Fasto ya zo min sau huɗu. An auna ni da tef ina barci, wai don akwatin gawa. Kuma Wilma ta ba surukina taraktata."

Iya Wilma ta dafe baki. "Elmer! Ashe kana da magana haka?"

"A dawo min da tarakta."

Surukin ya fara sulalewa ta bayan fasto. Kowa ya juyo yana kallon Rudy. Ashe tun kafin baƙuwa ta shigo ya murɗa kajin nan ashirin da huɗu ya jera a ƙarƙashin teburin kek, don su yi kuka daidai lokacin miƙa lambar yabo. To lokacin ya yi. Tabɗijam! Suka ɓarke gaba ɗaya. Magajin gari ya zubar da kofi a wandonsa, jaririn 'yar Baba Elmer ya tsandara ihu. Rudy ya shige ƙarƙashin tebur da rarrafe yana kashe su ɗaya-ɗaya, ya ɗago kai ya daki tebur, kek ɗin Bernadine ya sauko masa a ƙeya. Mai jarida kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya ɗauki hotonsa har kala uku.

Da ƙarar ta lafa Misis Drabek ta rufe littafinta. Ta ce hanya biyu ce. Ko asibiti ya gyara kowace takarda da kansa, ya mayar da abin da ya karɓa ba bisa ƙa'ida ba cikin kwana sittin, mai lamba mai shaidar ƙwarewa ya sa hannu. Ko kuma ta miƙa fayil ɗin gaba, can kuwa maganar lasin ɗin Likita za a yi.

Rudy ya leƙo, kirim na ɗiga daga kunnensa. "Ga shaidata can a bango."

Ta je ta karanta. "Wannan cewa ta yi ka biya kuɗin kwas." Ta juyo. "Akwai mai ta gaske a gidan nan?"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ina bayan waya, bakina cike da kolache. Ban yi sauri ba, na tauna abina sosai na haɗiye.

Likita Marlene ta tako har gabana, fuskarta ba jini. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Loretta, ki koma teburinki."

"Na'am? Kajin nan sun toshe min kunne."

Ta dube ni, ta gane. Ta juya ta fuskanci ɗakin, ta ɗaga murya yadda har na bakin titi za su ji.

"Jama'a, na zalunci matar nan. Shekara sha tara tana tsare min mutunci ban taɓa ce mata sannu ba. Ta gargaɗe ni na ƙi ji. Loretta, ki yafe min. Kujerarki ce, cikakken wuni, har ranar da ke da kanki kika ce kin gaji."

Na so in ja aji, wallahi na so, amma hawaye suka ci amanata. Na ce na yafe, a kawo min fayil. Misis Drabek ta ɗora min shi a hannu, sai da na rankwafa don nauyinsa. Takarda ɗari shida da arba'in da uku.

Rudy ya tattara kajinsa a kwali. A bakin ƙofa ya tsaya ya gyara kwat. "Anti Loretta, in kin kakare a wani wuri ki kira ni, kada ki ji nauyi." Baba Elmer ya ɗaga hannu ya nuna masa hanya, don maganarsa ta shekara ta ƙare.

Na zauna a teburina na buga wa Hank waya. Na ce ya je kantin magani ya karɓo allurar wata mai zuwa, da ta watan bayansa ma in za su ba shi.

Ya ce, "Kujerar ta dawo?"

"Ta dawo."

"To me kike yi wa kuka?"

"Takarda ɗari shida da arba'in da uku ke jirana, Hank. Ka koyi girki, sai bayan wata biyu za ka gan ni."